Zumunci da Annoba a Makarantun Je-ka-ka-dawo na Yahudawan Niyok

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jarraba bayinSa da cuta, Mai saukar musu da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka.

Ranar Talata, 3 ga Maris, 2020, iyayen ɗaliban wata makaranta da ke unguwar Riverdale, a birnin Niyok na ƙasar Amurka, suka wayi gari da saƙo daga hukumar makarantar cewa kowa ya riƙe ɗansa a gida. Makarantar ana kiranta SAR, ta Yahudawa ce, kuma ta je-ka-ka-dawo ce. Dalilin rufe ta shi ne an gwada wani daga cikin iyayen yaran an same shi da cutar korona, yana cikin mutanen farko da aka tabbatar suna ɗauke da ita a jihar. A wannan rana makarantun gwamnati na birnin cike suke da yara, ba a rufe su ba sai ranar 16 ga watan.

Da jami'an lafiya suka fara bin sawun cutar, sai suka tarar da zare mai tsawo. Ya bi ta makaranta, ya bi ta majami'ar da ke garin New Rochelle a arewa da birnin, ya bi ta jana'iza da walimar da aka yi a cikinta, ya shiga gidajen maƙwabta. Kafin mako ya zagayo an umarci kimanin mutum dubu su killace kansu.

Wannan labari shi ya sa muka waiwayi rayuwar irin waɗannan makarantu. Abin da muka gani a cikinta abu ɗaya ne mai fuska biyu. Zumuncin da ya ɗaure makaranta da gida da wurin ibada shi ne hanyar da cuta da jita-jita suke bi, kuma shi ne hanyar da magani da gaskiya suke bi. Wanda zai riga wani isa ga yaro ya danganta da abin da malamai da iyaye da ma'aikatan lafiya na cikin al'ummar suka yi da amincewar da mutane suka ba su.

Mun san abin da ke zuciyar mai karatu idan aka ambaci Yahudawa a wannan zamani, da raɗaɗin da halin Falasɗinawa yake sa mu. Wannan yana da wurinsa, ba kuma za mu daina faɗinsa ba. Amma maganarmu a yau a kan yara ce da iyayensu, a wata ƙasa da suke 'yan tsiraru, suna ƙoƙarin riƙe addininsu da lafiyar 'ya'yansu a lokaci guda. Addininmu bai yarda ƙiyayya ta hana mu adalci ba, bai kuma hana mu ɗaukar darasi daga abin da ya sami wasu ba.

Wace irin makaranta ce?

Makarantar je-ka-ka-dawo ta Yahudawa makaranta ce mai zaman kanta da ke haɗa karatu biyu a yini ɗaya. Akan fara da addu'ar safe cikin jam'i, sannan a raba yinin tsakanin karatun Attaura da Talmud da harshen Ibrananci, da kuma lissafi da kimiyya da Turanci da tarihi. Abincin da ake dafawa a ciki sai wanda shari'arsu ta halatta, wanda suke kira kosha: babu naman alade, dabba sai an yanka ta bisa ƙa'idarsu, ba a kuma haɗa nama da madara a tukunya ɗaya ko a ci ɗaya. Ranar Juma'a, musamman da sanyi, akan tashi yara da wuri domin su isa gida kafin faɗuwar rana, lokacin da hutun Asabar yake shiga. Hutun makaranta ma yana bin bukukuwan addininsu ne.

Irin wannan makaranta tana da tarihi. A 1937 aka buɗe makarantar Ramaz a Niyok da makarantar Maimonides a Boston. A 1944 wani malaminsu, Shraga Feivel Mendlowitz, ya kafa ƙungiyar Torah Umesorah da nufin a sami irin wannan makaranta a duk garin da Yahudawa suke da yawa a Amurka. Lokacin kuwa Yaƙin Duniya na Biyu ne, ana hallaka Yahudawan Turai tare da makarantunsu, sai waɗanda ke Amurka suka ga in ba su gina nasu ba karatun zai yanke. Ƙidayar da gidauniyar AVI CHAI ta yi a zangon 2018 zuwa 2019 ta sami ɗalibai fiye da 290,000 a makarantu fiye da 900, mafi yawansu a jihohin Niyok da New Jersey.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ba iri ɗaya ba ne duka. SAR tana cikin makarantun masu riƙo da addini da suka rungumi ilimin zamani. Maza da mata suna karatu tare, ɗalibanta suna wucewa manyan jami'o'i, ginin firamarenta ma an san shi da rashin bango tsakanin azuzuwa. A unguwannin Williamsburg da Borough Park na yankin Buruklin kuwa akwai makarantun Hasidawa, masu tsananin riƙo, masu magana da harshen Yidish a gida, masu raba maza da mata, masu yawan haihuwa, waɗanda da yawansu ba sa barin talabijin ko intanet a gidajensu. Mafi girman rukuninsu a Williamsburg, wato Satmar, an san su da adawa da aƙidar Sahyoniyanci tun daga wanda ya kafa su, Joel Teitelbaum.

Abin da ya haɗa su duka shi ne makaranta ba ta ƙarewa a bakin ƙofarta. Yaron da kuka zauna aji ɗaya da shi ranar Alhamis, da shi za ku haɗu a majami'a ranar Asabar, gidansu za a gayyace ku cin abinci, sansanin hutu ɗaya za ku je, wataƙila ma ƙanwarsa yayanka zai aura.

Rai kafin Asabar

A shari'ar Yahudawa akwai ƙa'ida da suke kira pikuach nefesh, ma'anarta ceton rai yana gaba da kusan duk wani umarni. Mutumin da ba ya kunna wuta ko tuƙa mota ranar Asabar, wajibi ne ya yi su idan rai yana cikin haɗari. Azumin Yom Kippur, wanda yake ɗaukar kimanin sa'o'i 25 ba ci ba sha, bai hau kan yaro ba sai ya kai shekara 13, yarinya kuma 12, marar lafiyan da azumi zai cutar kuwa umartarsa ake ya ci. Ɗalibin fiƙihu zai ga kamar wannan da abin da malamanmu suka tabbatar, cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Babban malamin da suke komawa gare shi a wannan babi ba baƙo ba ne a tarihinmu. Musa bin Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, a Ƙurɗuba ta Andalus aka haife shi, a Masar ya rasu a 1204. Likita ne a fadar gidan Salahuddin al-Ayyubi, da Larabci ya rubuta littattafansa na likitanci, kuma a cikin babban littafinsa na shari'a, Mishneh Torah, ya keɓe babi ga ci da sha da barci da motsa jiki, domin a ganinsa kula da jiki yana cikin bautar Ubangiji.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya a littafi ba. A shekarun 1960 aka kafa Hatzalah a Williamsburg, ƙungiyar 'yan sa-kai masu motocin ɗaukar marasa lafiya, waɗanda suke amsa kira dare da rana, har da Asabar. Akwai ƙungiyoyin duba marasa lafiya da suke kira bikur cholim, masu kai abinci asibiti da samar wa dangin majinyaci masauki. Akwai asusun rance ba ruwa da suke kira gemach, wanda ba kuɗi kaɗai yake bayarwa ba, har keken guragu da gadon jinya da kayan jarirai ana ara a mayar. Ƙungiyar Chai Lifeline, tun daga 1987, tana kula da yara masu ciwon daji da sauran cututtuka masu tsanani, tana taimaka musu kada karatu ya wuce su. Saboda haka idan ɗalibi ya kwanta, akwai hannaye da yawa da suka riga suka san aikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa sun tsara wanda zai kama kowace kusurwa tun kafin iska ta taso.

Gwajin jini a aji

Babu inda amfanin wannan zumunci ya fito fili kamar a yaƙin da suka yi da cutar Tay-Sachs. Cuta ce ta gado. Ana haihuwar jariri lafiya lau, sai wajen wata shida ya fara rasa abin da ya koya, ganinsa ya tafi, jikinsa ya saki, yawanci ya rasu kafin shekara biyar. Har yau ba ta da magani. A cikin Yahudawan da asalinsu Gabashin Turai ne, kimanin mutum ɗaya cikin 30 yana ɗauke da ƙwayar gadonta ba tare da ya yi ciwo ba. Idan biyu masu ɗauke da ita suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu.

An fara gwajin jama'a a Baltimore a 1971, amma masu tsananin riƙo suka ja baya. Dalilinsu kuwa zumuncin nan ne. A inda iyaye suke binciken asali kafin su ba da 'ya, kuma kowa ya san gidan kowa, idan aka ji wance tana ɗauke da cutar gado, ita da 'yan'uwanta duka sun shiga uku wajen samun miji. Sai mutane suka zaɓi rufa asiri a kan sani.

Wanda ya warware wannan ƙulli malaminsu ne, Josef Ekstein, wanda cutar ta kashe masa 'ya'ya huɗu. A farkon shekarun 1980 ya kafa ƙungiyar Dor Yeshorim a Buruklin. Tsarinta shi ne a je makarantun sakandare da na manyan ɗalibai a ɗebi jinin samari da 'yan mata tun kafin maganar aure ta taso. Kowa a ba shi lamba, ba a faɗa masa sakamako, ba a faɗa wa iyayensa. Idan aka fara maganar haɗa wane da wance, kafin zukata su shaƙu, sai gidajen biyu su miƙa lambobinsu. Amsar da za a ba su ita ce sun dace ko ba su dace ba. In ba su dace ba, a yi musu bayani, kowa ya kama gabansa ba tare da unguwa ta ji dalili ba. Ƙungiyar ba ta duba wa waɗanda aka riga aka yi wa baiko, domin manufarta a sani tun abin bai yi nisa ba.

Akwai masu suka. Wasu likitoci suna ganin haƙƙin mutum ne ya san abin da ke cikin jininsa, wasu kuma suna ganin ɓoyewar tana raya tsangwamar da ya kamata a yaƙa. Suka ce mai nauyi. Amma tsakanin wannan tsari da sauran gwaje-gwajen da aka yi, haihuwar yara masu Tay-Sachs a cikin Yahudawan Amurka ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Ekstein bai zauna jiran ranar da mutanensa za su daina jin kunya ba. Ya san inda ɗakin yake yoyo, sai ya yi gini daidai da halin masu ɗakin, ya kuma sa makaranta ta zama ƙofar shiga.

Kunyar dai ba ta ƙare ba. Tsoron ɓata wa gida suna a wajen aure ya daɗe yana sa wasu iyaye ɓoye taɓin hankali ko damuwa ko cin zarafin da aka yi wa yaro. Ƙungiyoyi irin su OHEL, wadda aka kafa a Buruklin a 1969, sun yi shekaru suna fama da wannan, kuma makarantu da yawa yanzu suna ɗaukar masu ba ɗalibai shawara.

Shekarar ƙyanda

Fuska ta biyu ta bayyana a kakar 2018. Amurka ta sanar da kawar da ƙyanda tun 2000, sai ga matafiya sun dawo da ita daga Isra'ila, inda ake fama da ɓarkewarta a lokacin. Ƙyanda ba ta da wasa. Ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har sa'o'i biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa kariya da suka kusance shi, har tara suna iya kamuwa. Allura biyu suna ba da kariya ta kimanin kashi 97 cikin ɗari, amma sai kusan kashi 95 na jama'a sun yi kafin a tsare jarirai da marasa lafiyan da ba za a iya yi musu ba.

Mafi yawan iyaye a Williamsburg da Borough Park da gundumar Rockland sun yi wa 'ya'yansu allura. 'Yan kaɗan da ba su yi ba, ko suka jinkirta, sun isa bango ya tsage. Gida mai yara takwas a 'yan ɗakuna, aji mai cunkoso, majami'a safe da yamma, bikin aure mai ɗaruruwan baƙi: ƙadangare ya sami wurin shiga. A Disamba 2018 hukumar lafiya ta birnin ta umarci makarantun unguwannin su hana yaran da ba a yi wa allura ba zuwa. Wasu ba su bi ba, kuma an danganta gwamman masu cutar da makaranta guda da ta bar irin waɗannan yara suka shiga aji. Ranar 9 ga Afrilu, 2019, magajin gari Bill de Blasio ya ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya, ya wajabta allura a wasu sassan Williamsburg, da tarar dala 1,000 ga wanda ya ƙi. An rufe wasu makarantu na ɗan lokaci. Ranar 13 ga Yuni jihar Niyok ta soke damar da iyaye suke da ita ta ƙin allura da hujjar addini. Kafin a sanar da ƙarshen annobar a Satumba, mutum 649 sun kamu a birnin, 312 a Rockland, akasarinsu yara. A shekarar 2019 Amurka ta sami masu ƙyanda fiye da 1,200, adadin da ba ta gani ba tun 1992.

Daga ina ƙin allurar ya fito? Ba daga Attaura ba, ba kuma daga Talmud ba. Tushensa wata maƙala ce da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa a 1998, yana alaƙanta allurar da lalurar ƙwaƙwalwa da ake kira otizim. An gano maƙalar ba ta da gaskiya, mujallar ta janye ta a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci. Amma ƙarya ta riga ta yi fiffike. Wasu suka ɗauko ta suka sa mata rigar addini, suka buga ta a ɗan littafi mai ƙyalli aka riƙa jefawa a gidaje, suka buɗe layin waya da uwa za ta kira ta saurari lacca. Uwar da ba ta da intanet ta bincika, wadda kuma tarihin kakanninta ya koya mata ɗari-ɗari da hukuma, idan maƙwabciyarta ta miƙo mata littafi da harshenta, shi za ta gaskata.

Masu gyara daga cikin gida

Doka ta yi aikinta, amma doka ba ta shiga ɗakin girki. Waɗanda suka shiga 'yan gida ne. Tun Nuwamba 2018 manyan ƙungiyoyin malamansu biyu, Orthodox Union da Rabbinical Council of America, suka fitar da sanarwa suna kiran iyaye su yi wa yara allura, suna kafa hujja da wajibcin kiyaye rai. Ɗaruruwan likitocin al'ummar suka sa hannu a takardar kira. Wata ma'aikaciyar jinya, Blima Marcus, tare da takwarorinta na ƙungiyar ma'aikatan jinya Yahudawa, suka riƙa zama da mata rukuni-rukuni a cikin gidaje. Ba su yi musu faɗa ba, ba su kira su jahilai ba. Sun ɗauki littafin masu ƙin allura suka bi shi magana bayan magana, suka buga nasu littafin na amsa, suka bar kowace uwa ta yi tambayarta har ta ƙare. Da ɗan gari akan ci gari, da shi kuma akan cece shi.

Har tambayar sinadarin jelatin da ake samu daga alade, wanda yake cikin wasu allurai, ta taso. Malamansu suka amsa cewa haramcin ci bai shafi allura ba. Mu ma an yi mana irin wannan tambaya, kuma taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya yi fatawar halaccinsa bisa ƙa'idar istihala, wato rikiɗewar abu daga asalinsa zuwa wani abu dabam.

Komawa ga korona

Wata shida bayan ƙarewar ƙyanda sai ga korona, wadda muka buɗe da labarinta. SAR ta mayar da darussanta kan Zoom cikin 'yan kwanaki, har da addu'ar safe. Bikinsu na Purim ya faɗo ranar 9 da 10 ga Maris, alhali iyalai suna killace. Wasu suka saurari karatun bikin ta intanet, wasu aka je aka karanta musu daga wajen gida. Ranar 12 ga Maris majalisar malaman Yahudawa ta gundumar Bergen a New Jersey ta rufe majami'unta duka, ta hana ma taruwa a gidaje domin addu'ar jam'i, wadda a wurinsu sai da maza goma take ƙulluwa. Sun yi haka kafin hukuma ta tilasta musu. Daga baya dubban waɗanda suka warke suka yi layi suna ba da ruwan jininsu domin a gwada jinyar wasu da shi, ko da yake bincike ya nuna amfaninsa bai kai yadda aka yi fata ba.

A Buruklin labarin ya cakuɗe. Unguwannin Hasidawa sun yi asarar rayuka masu yawa. A ƙarshen Afrilu dubbai suka taru a jana'izar wani malami a Williamsburg, magajin gari ya yi gargaɗin da ya haɗa Yahudawan birnin duka a ciki, aka yi masa ca saboda ya ɗora laifin wasu a kan kowa. A Oktoba, da aka sake rufe makarantu da taƙaita wuraren ibada a wasu unguwanni, aka yi zanga-zanga a Borough Park har da ƙona takunkumi. Addini ɗaya, birni ɗaya, annoba ɗaya, amma inda malami da likita suka yi magana da murya ɗaya tun farko, yara sun fi samun kariya da ci gaban karatu. Aikin kuma bai ƙare ba, domin a Yuli 2022 an sami wani matashi a Rockland, wanda ba a yi wa rigakafi ba, shan inna ta shanye masa ƙafafu.

Abin da ya shafe mu

Ambaton shan inna ya isa ya tuna mana namu. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin an sa mata abin hana haihuwa. Zargin bai faɗo daga sama ba, domin mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan 'ya'yansu a 1996 ba. Amma kafin a dawo da rigakafin a Yuli 2004 cutar ta ƙetara zuwa ƙasashe da dama, kuma akwai waɗanda suke jan ƙafa a titunanmu yau saboda wannan shekara. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, har aka kai ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Darasin Williamsburg ke nan, mun riga mun biya kuɗinsa da ƙafafun 'ya'yanmu.

Tay-Sachs kuma tana da 'yar'uwa a gidajenmu, wato sikila. Lissafin gadon ɗaya ne: mai AS ya auri mai AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, abin a yaba ne. Sai dai mu da muke ɗaura aure mun san lokacin da takardar take zuwa: an kai lefe, an sa rana, an buga kati, zukata sun shaƙu. A wannan lokaci gaskiya takan yi nauyi, sai a shiga neman yadda za a kauce mata. Ba lalle ne mu ɓoye wa yaro sakamakonsa kamar yadda Dor Yeshorim take yi ba, amma hikimar lokaci da hikimar rufin asiri abin ɗauka ne. Me zai hana makarantun Islamiyyarmu da na sakandare, da yardar iyaye, su shirya gwajin tun yara suna aji, a ba kowa sakamakonsa a asirce tare da bayani?

Haka nan, mai makarantar da yake tambayar kuɗin rajista zai iya tambayar katin rigakafi. Kwamitin iyaye da ke tara kuɗin walimar sauka zai iya ware wani abu domin ɗalibin da ya kwanta. A cikin iyayen kowace makaranta da wuya a rasa ma'aikaciyar jinya ko likita. A ba su wuri su zauna da mata su amsa tambayoyinsu ba tare da gori ba. Yaro mai zazzaɓi da ƙuraje a bar shi a gida, kada malami ya ɗauki rashin zuwansa lalaci.

Mu masu hawa mumbari nauyinmu ya fi na kowa, domin kalmar da muka saki ranar Juma'a takan riga ta likita isa ɗakin uwa. Muna da abin koyi a tarihinmu. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya tsaya a Sargh ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, kuma Abdurrahman bin Auf ya zo da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya ƙarfafa wannan mataki. Wanda bai san magani ba ya tambayi masu shi kafin ya yi magana, domin yaran da ke zaune a kan tabarma da allunansu ba su da ikon zaɓar wa kansu. Abin da manya suka gaskata shi yake sauka a jikinsu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare 'ya'yanmu, Ya sa mu zama masu jin magana su bi mafi kyawunta. Amin.